Wutar da Baƙo Ya Kunna wa Inna

Kabo, ranar Talata

Zuwa ga aminaina Uwaliya da Kamila,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Uwaliya, ya maigida da 'yar lukutata? Kamila, ya ɗinki, ya su Umma? Allah ya sa kowa lafiya lau, amin.

Na san za ku ce yau me ya samu Bushira sarauniyar saƙon murya, ta zauna rubutu kamar mai jarrabawa. To ku gyara zama. Na yi aika-aika da babban yatsana, har yanzu ban san ko duka zan sha ko tukwici ba. Kuma ba damar in yi muku murya, don Inna tana kwance a gefena. Ciwo ya ci jikinta amma bai taɓa kunnenta ba, labarin kuwa akwai sunan da ba a faɗa a gabanta.

Kun san Yaya Sharfaddeen shi ne ɗan farin Inna. Ke Kamila 'yar birni ba lallai ki gane ba. Mu da kakanninmu suka zo da sanda da shanu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa ko da gwamna ya zama. Ana yaye shi aka kai shi Gwarzo wurin Gwaggo, yayar marigayi Baba, a can ya girma, yanzu kuma a Kano yake aiki. Tun da na yi wayo "mutumin Kano" nake ji tana ce masa. Ni auta kuwa har yau a cinyarta nake danna waya.

To Inna ba ta da lafiya tun kafin kaka. Jiri, haki, daga ɗaki zuwa turken shanu sai ta huta. Tafin hannunta fari fat. Ku yi haƙuri da maganar, bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta. Mun sha maganin olsa, mun sha saiwa, har ƙarin jini an yi mata a asibitin nan kusa, ba sau ɗaya ba. Ana ƙarawa ta ɗan farfaɗo, a jima kuma jinin ya tsere kamar ana zubawa a kwando. Duk wannan ta kafa mana doka, wai duk wanda ya kai wa mutumin Kano maganar, ita da shi. Wai da wane baki za a ce wa ɗan fari ga kalar bayan gidan uwarsa? Ku ji fa. Mutumin da aikinsa ke nan, nas ne a ɗakin da ake leƙa cikin mutane da kyamara.

Jiya da ake mata wani ƙarin, tausayi ya kama ni, na ɗauki hoton ledar jinin da hannunta na ɗora a sitatus, na rubuta Allah ya ba Innata lafiya, da 'yar fuskar nan mai hawaye. Na manta shaf ban rufe Yaya ba. Da zan ɗora hotunan bikin Bilki ban manta na rufe shi ba, amma jiya Allah ya ɗauke mini hankali. Kafin in juya har ya gani. Hannun kawai ya gane, da zoben azurfarta.

Yau da hantsi sai ga shi. Bai shiga ɗakin ba, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, Inna ta juya wa bango fuska, ni na zama waya a tsakaninsu. Ya ce in tambaye ta tun yaushe. Ta ce in faɗa wa mutumin Kano zazzaɓi ne. Ya ce in ja fatar idonta ƙasa in ɗauka in tura masa. Wallahi yana tsakar gida ina tura masa hoton idon uwarsa da datata! Da ya gani sai na ji ya ce a hankali, Bushira, ko ɗigon ja babu. Ya ce gobe sai Kano. Inna ta ce shanu fa? Ya ce in faɗa mata shanu ba sa jiri.

Har yanzu ba ta yi mini maganar sitatus ɗin ba, sai harara. Amma ta ce in fito mata da mayafinta na zuwa unguwa. Ku taya mu da addu'a.

Taku har kullum,
Bushira

Gwarzo, ranar Asabar

Uwaliya da Kamila, 'yan uwan arziki,

Sallama da gaisuwa. Ya kwanan iyali? Na ga saƙonninku, Allah ya bar zumunci. Uwaliya, dariyar da kika yi mini kan sitatus na ajiye, zan rama.

Muna Gwarzo gidan Gwaggo, kuma ba da daɗin rai muka zo ba. Bari in faro daga farko.

An leƙa cikin Inna. Wata likita ce, Dakta Badi'a, 'yar siririya mai fara'a, ta zura wani tiyo mai kyamara ta baki har tumbi. Yaya a waje ya tsaya, ko kusa da ƙofar bai zo ba. Da aka gama ta nuna mini hoto. Kun san zanen da ke bayan kankana? Haka tumbin Inna yake, layi-layi ja. Wai ƙananan jijiyoyi ne suka buɗe suna tsiyayar jini kaɗan-kaɗan dare da rana. Ba olsa ba ce, ba kuma wancan mugun ciwon da nake tsoron ambata ba, alhamdu lillahi. Ta ce akwai magani, kuma ba yanka. Wuta za a kunna a ciki a toshe su.

Na ce wuta? A cikin Innata?

Sai ta yi dariya ta yi mini bayani, ni kuma na dawo na ƙarar da datata ina bincike, to ku saurari malama. Akwai wata iska sunanta argon. Wai tana cikin iskar nan da muke shaƙa, 'yar kaɗan. Ba ta da wari, ba ta da kala, ba ta kamawa da wuta, ba ta shiga harkar kowa. Ana tara ta a tukunya irin ta gas. In aka hura ta ta wani siririn bututu sannan aka sakar mata lantarki, sai ta farka ta zama wani haske, wai filasma. Hasken nan shi yake tsallakawa ya sauka inda jini yake fita ya ƙona sama-sama, wurin ya bushe. Bututun ma ba ya taɓa naman, daga ɗan nesa yake aikinsa. Na ce lallai wannan iska 'yar gidanmu ce, akwai kara. Har na gani wai masana da ita suke gwada ruwan rijiya su gane ko akwai dalma a ciki, wasu kuma suna gwada mai sanyinta a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Ni da na bar makaranta a aji uku, yau ga ni ina koyar da kimiyya.

Ga inda gizo yake saƙa. Injin nan ba kowa yake iya shi ba. Su biyu aka tura kwas, ɗayan ya samu aiki a Saudiyya ya tafi, saura Yaya. Likita ita ke riƙe kyamara tana taka wutar da ƙafa, shi kuma shi ke saita ƙarfin lantarkin da yawan iskar, shi ke zura bututun, shi ke lura da mara lafiya. Dakta Badi'a, baiwar Allah ba ta san gidanmu ba, ta faɗa a gaban Inna da murnarta: Mama kin yi sa'a, ɗanki ne gwaninmu, ba na kunna injin nan sai yana ɗakin. Wallahi kaina ya yi girma kamar ya fashe. Inna kuwa ta sauko da ƙafafunta, ta ce in miƙo mata takalminta.

Wai a kwantar da ita, a buɗe mata baki, miyau yana zuba, a gaban ɗan fari? Ta ce gara ta koma ga Ubangijinta da mutuncinta. Yaya ya bi mu har tasha yana cewa in faɗa mata, in faɗa mata, har ya rasa me zan faɗa.

Shi ya sa na ce wa direba Gwarzo, ko Gwaggo za ta iya da ita. Ina! Gwaggo ta tafa hannu ta ce, ke Altine, yaron da ya yi wata tara a cikin nan, me zai gani da bai riga ya gani ba? Inna ta ja mayafi ta rufe har kanta. Ana cikin haka Ɗanladi mai walda, maƙocinsu, ya leƙo gaisuwa, ya ji an ce argon, ya ce ai da ita yake like tukwanen alminiyam, in ana so akwai saura a shago. Gwaggo ta raka shi da muciya. Na yi dariya, sannan na shiga bayi na yi kuka.

Jinin da aka ƙara mata yana ta zurarewa, ina gani a leɓenta. Dakta ta ce zuciyarta ba za ta jure wannan ƙari da tsiyaya har abada ba. Ku roƙa mana Allah ya karkato da ita.

Taku,
Bushira

Gwarzo, ranar Alhamis

Aminaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya yara, ya kuka ji da shiruna? Ku yafe ni, kun san in kuka ga Bushira ba ta kan layi to abin ya kai. Yau kam ku tanadi guɗa.

Ranar Litinin Inna ta tashi alwala ta yanke jiki ta faɗi. Muka kwashe ta sai Kano, ni da Gwaggo, aka ɗaura mata jini. Yaya ya zo ya tsaya a baranda, idonsa jawur. Ya ce da ni, Bushira, mutum nawa na tsayar wa jini da hannun nan, tawa ce za ta gagare ni? Ban taɓa jin ya ce "tawa" ba sai ranar.

Gadon Inna yana kallon wata hanya da ma'aikata ke wucewa, kowa da koren kaya, da hula, da takunkumi, ido kawai ake gani. Ta daɗe tana kallonsu. Can sai ta ce, kamar mai magana da silin, su waɗannan masu rufe fuskar ana gane su kuwa? Ni da bakina da ba ya jira, na ce ai ni ko daga tafiya ina gane Ya... Ban ƙarasa ba Gwaggo ta sakar mini mintsini a cinya, har yanzu wurin shuɗi ne. Ta ce, wa zai gane su, Altine? Ko uwar da ta haife su ba ta ganewa. Inna ta gyara zobenta. Ta ce, to, in baƙo ne zai tsaya, ba komai.

Gwaggo ta miƙe da carbinta ta fita baranda. Ina jin ta tana cewa, kai, ka tafi gida, ba a bukatarka. Gobe wani baƙo ake so, mai rufaffiyar fuska, ka gane ko sai na maimaita? Ya ce ya gane.

Washegari aka hana ta ci da sha, aka shiga da ita. Ta riƙe mini zani ta ƙi saki, dole Dakta Badi'a ta bar ni na tsaya a lungu, amma ta karɓe wayata ta sa a aljihu. Ranar da na fi bukatar waya a duniya! Don haka ba hoto, sai abin da idona ya ɗauko muku.

Baƙo yana tsaye jikin injinsa, ga tukunyar iskar a gefe. Ya juyo ya ce, sannu Mama, ya jiki? Ku ji ikon Allah. Inna ta ɗaga ido ta kalle shi tsaf, tun daga hula har takalmi, kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba, ta ce da sauƙi ɗan nan, sannu da aiki. Ya ce kada ki ji tsoro, ba za ki ji zafi ba, ina nan kusa da ke. Ta ce ba ta jin tsoro. Na cusa mayafi a baki.

Wata nas ta manna mata wani faifai a cinya, wai ta nan lantarkin yake komawa. Aka fesa mata magani a maƙogwaro, aka yi mata allurar da ke sa gyangyaɗi. Shi ya sa mata abin cizo a baki, shi ya tallafe kanta ya gyara mata ɗankwali. Hannunsa a kan Inna, ni ina gani!

Sai talabijin ya nuna kankanar nan, jajayen layuka suna naso. Dakta ta ce bismillah, ya zura bututun, ya faɗi wasu lambobi, ta amsa, ta taka. Ƙawayena, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wani ɗan haske ne shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, kamar ƙaramar walƙiya, ya fito daga bakin bututun yana tsalle yana sauka kan jan, yana ɗan ƙara zzz. Duk inda ya bi sai wurin ya koma fari. Layi bayan layi, kamar mai shafe allo. A wani wurin ya ce mata a rage, nan fatar ba kauri, ta ce yadda ka ce. Babbar likita fa! Na ji kamar in buɗe taga in sanar da mutanen Kabo.

Da aka gama hularsa ta jiƙe sharkaf. Ya goge wa Inna baki da auduga a hankali, ya fita. Da ta farka sai gyatsa take ta yi, wai sauran iskar ce ke fita. Gwaggo ta ce to madalla, an yi waldar, Ɗanladi ya huta.

Dakta ta ce za a sake yi nan gaba kafin duk su toshe. Kun san me Inna ta tambaya? Wai baƙon nan ne dai zai kuma tsayawa? Don ba ta son a canza mata hannu.

A gaida kowa da kowa.

Taku mai farin ciki,
Bushira

Kabo, ranar Juma'a

Uwaliya, Kamila,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ibada, ya mutanen gida? Kamila, ɗinkina fa, ko sai na yi miki sitatus?

An yi na biyu, an yi na uku, kuma tun ranar farko ba a sake ɗaura wa Inna jini ba. Tafin hannunta ya dawo ja. Shekaranjiya da kanta ta yi tatsa, har ta kore ni wai ban iya riƙe ƙwarya ba.

Amma ba wannan ne labarin ba. Tun da muka dawo mata ke zuwa sannu, har daga Mainika da Jama'a. Inna da kuka sani, mai magana ɗaya-ɗaya, ta zama rediyo. Duk wadda ta zauna sai ta ji labarin baƙo. Wai wani yaro ne a asibitin, dogo, mai natsuwa, hannunsa kamar auduga. Wai shi ke sarrafa wutar da ba ta taɓa mutum. Wai babbar likita ma sai abin da ya ce. Wai ita dai duk matar da ta haifi yaron nan ta haihu. Matan nan kowa ta sani, wallahi kowa ta sani, amma ba mai ko murmushi. Sai su ce, Allah sarki, ɗan wace ce haka? Inna ta ce, oho, wa ya sani, fuskarsa a rufe take. Shekara da shekaru yabo yana cikinta ba ƙofar fita, yanzu ya samu.

Ɗazu bayan masallaci Yaya ya zo gaisuwa. Ba takunkumi, don haka komai ya koma yadda yake: shi a durƙushe bakin ƙofa, ita fuska a bango, ni a tsakiya. Ta ce in faɗa wa mutumin Kano ga man shanu ya kai wa likita. Ya ce to. Ta ce in faɗa masa farar karsanar nan da ke turke ta ba baƙon da ke wurin aikinsu, a bar ta nan ana kula masa da ita, in ya samu hali ya zo ya gani. Ya ce zai isar.

Sai ta ce da ni, ke Bushira, ya ma sunan baƙon nan?

Na duba ko'ina, ba Gwaggo balle ta mintsine ni. Na ce, Inna, an ce sunansa Sharfaddeen.

Ta ce, Sharfaddeen. A hankali, kamar mai ɗanɗana zuma. Ta sake cewa, Sharfaddeen. Allah ya yi wa Sharfaddeen albarka, ya ba shi masu yi masa yadda ya yi mini.

Na juya wajen bakin ƙofa. Na leƙa, na ga ƙaton mutum da gemunsa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar amin ɗin ta fito. Inna ta ce in faɗa wa mutumin Kano rana tana yi, hanya ba kyau, ya kama hanya. Amma ni da ke gefen bango na ga fuskarta.

Wayata tana hannuna duk lokacin nan, kuma ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Ku yaba mini.

To ku fa? Uwaliya, ke ce 'yar fari a gidanku, da me Mama take kiranki, kuma kin taɓa jin sunanki a bakinta? Kamila, ke ma ki tambayo mana Umma yadda suke yi a birni. Ku rubuto, ko ku yi murya ma, yanzu ba na tsoron kunnen Inna.

Taku, ƙanwar baƙo,
Bushira